Zaman Gida: Wa Zai Kai wa Tsofaffinmu Abinci?

A wannan wata za mu yi magana a kan wani abu da ya taɓa gidanmu, mun kuwa tabbata ya taɓa gidaje da yawa a cikinku, watau yadda za a zaɓi wanda zai riƙa dafa wa tsofaffinmu abinci yana kai musu, sa'ad da mu 'ya'yansu muke nesa.

Bari mu fara da namu labari. Mahaifiyarmu tana Zariya, shekarunta sun kusa 80. Mu aikin koyarwa ya riƙe mu a Jos, ƙanenmu yana Abuja, ƙanwarmu kuma tana aure a Legas. Kowane ƙarshen wata mukan haɗa kuɗi mu aika mata, da kaka kuma mu sayi buhun masara da na wake mu ajiye mata. In mun buga waya mun ce, "Mama, kin ci abinci?" sai ta ce, "Na ci, Malam, ku dai ku kula da yara." Da hutun Ista ya zo muka je, sai muka tarar da buhun masara yadda muka bar shi, har ƙwari sun shiga. Muka dube ta, muka ga wuyanta ya zurma, zanen da take ɗaurawa ya zagaye ta har da saura. Ashe tun da gwiwa ta hana ta durƙusawa a bakin murhu, hannu kuma ya kasa tuƙa tuwo, shayi da burodi take karyawa da su, da rana ta jiƙa gari, da dare kuwa wani lokaci sai ruwa kaɗai. Irin kunyar nan ta iyaye ce ta hana ta faɗa, gama ba sa so su zama wa 'ya'yansu kaya. A ranar muka gane cewa kuɗi da hatsi ba su zama abinci ba sai an sami hannun da zai dafa, da ƙafar da za ta kai.

A dā wannan magana ba ta tashi ba. Gida babba ne, surukai suna girki bi da bi, jikoki suna nan a aike su, maƙwabta kuma suna ciyayya, langa ta fita daga wannan gida ta shiga wancan. Tsohuwar da ba ta hura wuta ba takan sami kwano biyu ko uku a ƙofar ɗakinta kafin duhu ya yi. Yau aiki ya warwatsa mu, matanmu ma suna fita aiki, yara suna makaranta, tsadar hatsi kuma ta rage ciyayya. Saboda haka biyan wani ya dafa ya kai ba abin kunya ba ne. Abin da ya rage shi ne a yi shi da hankali.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali. A Ingila, a shekarar 1943, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu mata 'yan sa kai suka fara dafa abinci suna kai wa tsofaffi da marasa ƙarfi har gida. Aikin ya sami suna Meals on Wheels, watau abincin da ake kaiwa bisa taya. A 1954 aka fara irinsa a birnin Filadelfiya na Amurka, har yau kuma ana yi a ƙasashen nan. Abin da ya kamata mu lura da shi a tsarinsu shi ne, mai kai abincin yakan ƙwanƙwasa ƙofa, ya ga tsohon da idonsa, su gaisa. In ba a amsa ba, ba ya ajiye kwano ya tafi, sai ya sanar da wanda aka ba shi lambarsa. Sau da yawa shi ne mutum ɗaya tak da tsohon zai gani a yinin nan. Wannan shi ne ma'aunin da za mu riƙe a dukan abin da za mu faɗa nan gaba.

Mu a nan hanyoyi uku ne a gabanmu. Ta fari, kamfanonin da ake yi wa oda ta manhajar wayar hannu, irin su Chowdeck da Glovo, waɗanda dukansu suka fara aiki a Nijeriya a 2021. Suna karɓo abinci daga gidajen sayar da abinci, mai babur ya kai. Amfaninsu shi ne, ɗa yana Legas zai iya biya daga inda yake. Amma a manyan birane suka fi aiki, abincin kuma an dafa shi domin ma'aikaci mai ƙarfi ne, da mai da yaji da gishiri, mai kaiwa kuwa yau wannan ne gobe wancan. Sai mu tuna kuma a watan Disamba na 2023 Jumia Food da Bolt Food duk suka daina wannan aiki a Nijeriya. Wanda ya jingina abincin mahaifinsa ga manhaja ɗaya kaɗai, ranar da aka rufe ta mahaifin nan zai kwana da yunwa. Irin wannan hanya ta dace da ranar da aka sami matsala, ba ta kowace rana ba.

Hanya ta biyu ita ce mai sayar da abinci ta unguwa, wadda za a yi yarjejeniya da ita ta riƙa zuba kula tana aikawa. Ta uku kuwa, a sami wata mace amintacciya, maƙwabciya, ko 'yar'uwa, ko ɗaya daga cikin Zumuntar Mata, a riƙa biyanta tana ƙara hannu a tukunyar gidanta, ko ta dafa wa tsohon nasa dabam. Kowace muka ɗauka, ga abubuwan da za mu auna.

Na fari, a tambayi mai cin abincin. Mu a nan muka fara yin kuskure. Muka zauna mu uku a waya muka yanke shawara, muka sami wani gidan abinci mai araha, muka biya wata guda, sa'an nan muka gaya wa Mama. Kullum shinkafa ce da miya ja, da guntun nama mai tauri, ita kuwa haƙoranta na taunawa sun zube. Yaron da yake kaiwa yakan iso wajen ƙarfe uku, ya rataye leda a ƙofa ya wuce. Bayan mako uku wata maƙwabciya ta gaya mana cewa yaran unguwa ne suke cinye abincin, Mama ce take ba su da hannunta. Lalle araha ba ta ado. Da mun tambaye ta, da ta ce mana tuwo mai laushi take so da miyar kuka ko kuɓewa, da faten tsaki, da kunun gyaɗa da safe. Tsoho ya yi shekara 70 yana cin abu guda, ba a rana ɗaya za a sake masa baki ba. Abincin da ba a ci ba kuwa, ko da na wane irin kuɗi ne, bai amfani kowa ba.

Na biyu, a tambayi likita ko nas ɗin da suke duba shi, a rubuta abin da suka faɗa a ba mai dafuwa. Mai hawan jini, gishiri ne abin tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau ƙasa da cikin cokalin shayi ɗaya, a dukan abin da zai ci. Dunƙulen da ake jefawa a miya kuwa wajen rabinsa gishiri ne, mai sayar da abinci kuma da shi take jawo masu saye. Sai a roƙe ta ta ɗebi miyar tsohon kafin ta zuba, ta ƙara masa daddawa da albasa da citta da busasshen kifi domin ɗanɗano. Mai ciwon suga, lokacin cin abincinsa yana da nauyi daidai da abincin kansa. Wanda ya sha magani ko ya yi allura da safe, abinci bai zo ba sai la'asar, sugansa yana iya faɗuwa, ya yi ta zufa da rawar jiki, har ya suma ba kowa a kusa. A rage masa tuwo, ko da na acha ne, a yawaita ganye irin su zogale da alayyafo da rama, a bar lemon kwalba da kunu mai sukari. Wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, in yana tari ko yana shaƙewa sa'ad da yake ci ko sha, a gaya wa likita da sauri, gama abinci yana iya bin hanyar iska ya shiga huhu. Mai ciwon ƙoda kuwa nasa ka'idodi dabam ne, kada a yi masa da ka.

A nan sai mu gyara wani tunani. Mutane da yawa suna tsammani tsoho kunu ya ishe shi tun da ba ya noma. Gaskiya ne cikinsa ya ragu, amma bukatarsa ta abin gina jiki, wanda masana suke kira furotin, ba ta ragu ba. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a yini ga kowane kilo na nauyin jiki, in ba mai ciwon ƙoda ba ne. Tsohuwa mai kilo 60 ke nan tana bukatar giram 60 zuwa 72, ƙwai ɗaya kuwa wajen giram 6 ne a cikinsa. Saboda haka a tabbata kowane kwano yana da wani abu cikin waɗannan: wake, alale, ƙosai, awara, ƙwai, kifin da aka cire wa ƙaya, niƙaƙƙen nama, gyaɗa, ko kindirmo. Rashinsu shi yake cinye naman cinya, ƙafa ta yi rauni, a faɗi a karye. Haka kuma tsufa yana rage jin ƙishirwa, sai a sa mai kai abinci ya duba ko akwai ruwan sha mai tsabta kusa da gado, musamman a watannin zafi na Maris da Afrilu.

Na uku, a je a ga inda ake dafawa, gama gani ya kori ji. Kada a sa rana, a je kawai. A duba daga ina ake ɗebo ruwa, a ina ake wanke kwanuka, ko akwai sabulu kusa, ko hatsi da gari suna rufe. Wannan ba neman laifi ba ne. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa, ta ruwa da abinci marasa tsabta take shiga. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda yakan tsananta da rani, ɓera ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Gudawar da saurayi zai yi kwana biyu ya tashi, tana iya kai tsoho asibiti, ko ta wuce haka. Macen da take da tsabta ba za ta ji haushin ziyararmu ba. Wadda ta hana mu shiga madafarta, ta riga ta ba mu amsa.

Na huɗu, a san lokaci da zafin abincin. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya take koyarwa ita ce, kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a zafin ɗaki. In za a riƙe shi da zafi, ya wuce digiri 60, in kuwa da sanyi ne, ya kasa digiri 5. A ƙasarmu mai zafi, inda wutar lantarki take zuwa tana tafiya, firji ba abin dogara ba ne. Waɗansu sukan so a kawo abincin mako guda a daskare domin sauƙin kuɗi. Wannan sai gidan da wutarsa ta tabbata, da tsohon da idonsa da hannunsa za su iya kunna gas ko risho ba tare da hatsari ba. In ba haka ba, gara a kawo kullum a cikin kula mai kyau. A sayi kula biyu ko uku, ana kawo ɗaya ana ɗaukar ɗaya, a rubuta suna a jiki. Iyayenmu suna son ɗumame, ba kuwa za mu hana su ba, amma a ɗumama shi har ya yi tururi ciki da waje, miya ta tafasa, sau ɗaya kaɗai. Shinkafar da ta kwana a buɗe kuwa a zubar, gama akwai gubar da takan taso a cikinta wadda ɗumamawa ba ta kashewa.

Na biyar, wanda ya fi duka, wane ne zai kai? Muna so ya zama mutum ɗaya ne kullum, wanda muka san gidansu, tsohon kuma ya san fuskarsa da muryarsa. Dalili biyu ne. Tsohon da yake zaune shi kaɗai bai kamata ya saba buɗe ƙofa ga duk wanda ya ce abinci ya kawo ba. Sa'an nan wanda yake gani kullum shi ne zai gane in an sami sauyi: yau Baba bai buɗe taga ba, kular jiya tana nan ba a taɓa ba, maganarsa tana sarƙewa, ƙafa ta kumbura. A gaya masa sarai cewa aikinsa ya haɗa da sallama, da shiga, da buɗe kula, da zama na minti goma in hali ya yi. A ba shi lambar waya biyu, tamu da ta maƙwabcin da yake riƙe da makulli, a kuma sa masa kati. Kada kuɗi ya riƙa bi ta hannunsa zuwa ga tsohon ko daga gare shi, domin kada a sa shi cikin jaraba ko zargi.

Na shida, maganar kuɗi a yi ta a fili, a rubuta a takarda, a gaban shaida, ko dattijon ikkilisiya ko mai unguwa. A rubuta kwano nawa a yini, ƙarfe nawa, wane abinci a wace rana, nawa ne kuɗin, wa zai biya cikin 'ya'yan. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na kayan miya suka tashi, a tsakiyar 2024 ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ya ƙulla farashi ya ƙi sake dubawa, mai dafuwa ba za ta yi masa gardama ba, kifin ne zai ɓace daga cikin miya. A zauna duk bayan wata uku a duba. In muna da hatsi, mu ba ta, a rage daga kuɗin. A biya mako biyu biyu ko wata wata, kada a biya shekara gaba ɗaya, kada kuma mu riƙe mata haƙƙinta ko da kwana ɗaya, gama da shi za ta je kasuwa.

A tambaya kuma tun da wuri, ranar Lahadi fa? Ranar Kirsimati fa? In ta yi rashin lafiya, ko aka yi mata rasuwa, wa zai tsaya a madadinta? In maƙwabciyarmu Musulma ce take dafawa, a yi shawara da ita a kan watan azumi, domin lokacin girkin gidanta yakan sauya. Mu da muka ga dokar hana fita a garuruwanmu, muka kuma ga kullen korona na 2020, mun san akwai ranar da ba mai iya fita. A ajiye wa tsohon abin da zai riƙe shi kwana uku ba tare da babban girki ba, kamar garin kunu, madarar gari, ƙuli-ƙuli, dabino in ba mai suga ba ne, da ruwa.

Bayan duk wannan, a yi gwaji na mako biyu kafin a ƙulla. Kada a tsaya ga tambayar "Kin ci?" domin amsarta a shirye take. A ce, "Mama, wace miya aka kawo yau? Wa ya kawo? Nawa ya rage a kular?" A sa a auna nauyinta a asibiti ko a kemis sau ɗaya a wata, a rubuta. In nauyi yana sauka ba dalili, a kai ta wurin likita, kada a ce tsufa ne.

Mu dai a ƙarshe wata gwauruwa muka samu, gida huɗu tsakaninta da Mama, 'yarta ce take kai kular sau biyu a yini, da hantsi da kuma kafin faɗuwar rana. Kuɗin ya fi na gidan abincin nan, amma yarinyar takan zauna ta ci nata tare da Mama, Mama kuwa in da abokin ci takan cinye nata. Wata rana da safe yarinyar ta yi sallama sau uku ba amsa, ta ruga ta kira mai makulli, aka tarar Mama ta zame a banɗaki ta kasa tashi. Kafin azahar tana asibiti, bayan kwana huɗu ta dawo gida da ƙafarta. Da ledar nan ce ake ratayewa a ƙofa, ba mu san kwana nawa za ta yi a ƙasa ba.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne ga ikkilisiya. A Ayyukan Manzanni sura 6 an ba da labarin gunagunin da ya tashi a Urushalima domin ana tsallake waɗansu gwauraye a rabon abinci na kullum. Maganin da aka yi shi ne aka zaɓi mutum bakwai waɗanda aka shaidi halinsu, aka danƙa musu aikin. Halin mai rabo aka fara dubawa, mu ma haka za mu yi. Muna kuma roƙon dattawa da Zumuntar Mata na kowace ikkilisiya su rubuta sunayen tsofaffin da ba su da ɗa mai aiko da kuɗi, a raba ranakun mako a tsakanin gidaje, domin kada wani ya kwana da yunwa a bayan ɗakin sujada.

Abu na ƙarshe, 'yan'uwa, kada kular nan ta zama dalilin da zai sa mu daina zuwa. Zumunta a ƙafa take. Wanda ya iya, ya je ba tare da ya sanar ba, ya zauna a tabarma, ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifiyarsa, ya ɗanɗana abin da yake biya. A nan zai san ko gishiri ya yi yawa, ko naman yana taunuwa, ko kuwa kewa ce take hana ta ci. A wannan mako kowa ya buga waya gida ya tambaya wace miya aka sha jiya da dare.

Allah ya ba tsofaffinmu lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe su da mutunci. Sai mun sadu a wata mai zuwa.